Hannun Zali a Faifan Arzika

Tunda maza sun shafa fatiha sun tashi, an raba gumba kowa ta ƙulle tata, ku ɗan dakata, kada wadda ta ɗauki takalmi. Yau kwana arba'in da rufe Arzika, ni kuwa akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro, in ban fitar da ita yau ba ita za ta kashe ni. Rabi, zauna mana! Tuwon gidanku ba gudu zai yi ba.

Duk kun san halinsa. Arzika bai taɓa ganin ƙarfe ya wuce shi salin-alin ba. Ko cokali ka miƙa masa, ba zai sa shi cikin abinci ba sai ya kai shi baki ya yi masa "haaa", ya karkata shi wajen haske, ya ƙura ido yana kallon yadda hucin ya kwanta. Kun tuna ranar sunan jikar Hajiya Tabawa? An ajiye tiren shinkafa, maza sun wanke hannu, sai ya ce a dakata. Ya ture shinkafar gefe guda, ya sunkuya ya hura wa tiren, ya ɗago ya ce, "Wanga tire akwai mai a jikinsa." Hajiya daga bayan zana ta ce, "To da toka kake so a dafa ta, Arzika?" Butar liman ba ta tsira ba. Har motar jandarma ya taɓa hura wa a hanyar Kalfu. Jandarman ya leƙo ya ce, "Kai tsoho, mi kake yi wa motata?" Ya ce, "Gaisawa muke, ranka ya daɗe."

Ni da shi taubasai ne, shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace, don haka tun muna yara baiwa yake kirana, har na yi jikoki bai fasa ba. Ni ma ban taɓa raga masa ba. To ga abin da na tara ku dominsa. Maganar nan da ta bi garin Tawa, wadda ta sa kuka riƙa janye 'ya'yanku in ya biyo layi, wadda ta sa ya ƙare kwanakinsa ba mai shiga gidansa, daga bakin nan nawa ta fito. Ni Kulu, ni na ƙirƙire ta. Kada ku yi salati tukuna, ku bari in kai ƙarshe.

Ga waɗanda ba su taɓa zagawa wurin aikinsa a gidan nan ba, bari in faɗa muku yadda yake aikinsa, don mutane sun ɗauka wani abu ne. Ruwan batir yake yi, shi ke nan. Ruwan rijiyoyinmu na Adar kun san shi, nauyi gare shi, in aka zuba wa batirin mota sai ya kashe shi. Sai Arzika ya yanka gangar ƙarfe biyu, ya ɗora rabin a murhu, ya cika da ruwa ya hura wuta. A bisa ya kifa wani babban faifan jan ƙarfe a karkace, ya shimfiɗa masa jiƙaƙƙen buhu a baya don ya yi sanyi. Tururi ya tashi ya bugi faifan, faifan ya yi zufa, zufar ta gangaro ta bi wani ɗan indararo ta shiga kwalba. Wannan ruwan ba gishiri ba kanwa, shi direbobin manyan motoci ke zuwa nema, daga baya har masu batirin hasken rana daga Tebaram. Shekara da shekaru haka yake yi, yana mita wai ruwan ba ya ɗiga da sauri, icce ke ƙonewa a banza.

Sai Allah ya yi wa Zali rasuwa. Matarsa ke nan, makitsiyar da rabinku kuka zauna gabanta. Kun san hannunta kullum da maiƙo, don tana da wani mai da take haɗawa da kanta, ba ta taɓa gaya wa kowa abin da ke ciki ba. Kun kuma san ƙaramin yatsanta na dama, wanda taɓarya ta karya tun tana ƙarama, ya warke a lanƙwashe.

Wajen wata biyu da rasuwarta, na ɗauko masa tuwo da azahar, rana tsaka, gari tsit, ko akuya ba ta kuka. Na yi sallama sau uku shiru. Na zaga baya. Na same shi tsugune gaban murhu, bai ko waiwayo ba. Abin da na fara lura da shi ƙarar ruwan ce. Na saba jin ɗis, a jima, ɗis. Ran nan kuwa ɗis-ɗis-ɗis yake ba tsayawa.

Ya ce, "Baiwa, ajiye kwanon ki zo ki gaida uwargijiyarki."

Na ce, "Wace uwargijiya kuma? Zafi ya taɓa ka?"

Ya naɗe hannunsa da tsumma ya ɗaga faifan, ya juyo mini cikinsa. Wallahi jama'a, har yanzu in na tuna sai tsikar jikina ta tashi. Duk faifan ya jiƙe sumul, ruwa ya kwanta a kansa bai ɗaya. Amma a tsakiya ga hannu. Tafin hannun mutum, yatsu biyar, an zana shi da 'yan ƙwayoyin ruwa ƙanana kamar gero, suna ƙyalli, suna haɗuwa suna gangarowa, wasu na fitowa a gurbinsu. Na bi yatsun da ido ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshen a lanƙwashe yake.

Na ce, "Innalillahi!" Kwanon tuwo ya yi nasa wuri, ni na yi nawa. Ina jin shi yana kira, "Ke baiwa, tsaya in gaya miki! Kin zubar mini da miya!" Wa zai tsaya? Takalmina ɗaya sai washegari aka aiko mini da shi.

Da na tsaya, da na ji bayanin tun ran nan. Sai bayan kwana uku ya tare ni a ƙofar gida ya yi mini shi dole. Ashe ranar da ciwon Zali ya fara, ya sayo sabon faifai ya goge shi tas da toka da tsamiya, ya jingine a bango. Ita kuma ta taso daga kitso, jiri ya ɗebe ta, ta dafa faifan don kada ta faɗi. Daga nan aka shiga jinya, aka shiga zaman makoki, faifan na jingine ba wanda ya taɓa shi. Sai ranar da ya ɗora shi bisa tururi.

Ya ce, "Mai ne, baiwa, man hannunta. Inda ƙarfe yake tsirara, ruwa na son shi, sai ya shimfiɗe ya manne, ya zama bargo, tururin da ke tasowa ba ya samun sanyin ƙarfen. Inda ta dafa kuwa, ƙarfen ya ƙi ruwan. Sai ruwan ya dunƙule ya gangara, ya ba na bayansa wuri. Kin gane? Ƙarfen da ya ƙi ruwa shi ke samun ruwa."

Na ce, "Na gane ka haukace."

Ya ce, "Shekara talatin ina neman abin nan, ashe yana hannun matar da ke zuba mini fura."

Amma kafin wannan bayanin, aikin gama ya gama. Don washegarin ranar da na gudu aka yi bikin ɗiyar ƙawata Amma a Kalfu, muna zaune cikin rumfa ana ta hira, wata ta ce ina labarin taubashinki. Ni kuwa kun san bakina, in na ga an juyo ana saurarena sai in ji kamar an ba ni sarauta. Na ba da labarin hannun. Aka yi tsit. Daɗin tsit ɗin nan ya ɗebe ni, sai na ƙara gishiri. Na ce hannun motsi yake. Na ce yatsun lanƙwashewa suke suna yafito mutum. Wata ta ce, "To shi ya sa yake hura wa ƙarfe?" Na ce, "Af, ke ma kin gano! Numfashi yake kai mata. Wanda duk ta yafito, ya tafi." Na yi dariya, ina jira su yi. Ba wadda ta yi. Zulai, kina wurin, ke ce ma kika tofa a cikin rigarki. An ce magana zarar bunu ce, ni ran nan na zari bunu har jinka ta biyo.

Shi kuwa bawan Allah, kamar ya san abin da na faɗa ya ce bari ya taimake ni. Ya tashi neman man Zali. Ya gwada man shanu, kwana biyu tururi ya wanke shi. Ya gwada man kaɗe, kwana uku. Man gyaɗa, kitsen rago, bargon ƙashi, kakin zuma, har guntayen kyandir yake bi yana tsinta. Ga rowa, Allah ya jiƙansa, ba zai sayi mai don gwaji ba. In na kai masa miya, sai ya bari ta huce, ya yaɗe maiƙon sama da cokali ya kai wa faifai, shi ya ci lami. Na ce, "Arzika, kai ne ka rame ko faifan?" Ya ce, "Ni na ci shekara sittin ina shan mai, ɗigo nawa na ƙara?"

Da abin ya ƙi, sai ya ce wataƙila ba man kaɗai ba ne, har da hannun. Nan fa aka shiga uku. Ya yanka ƙananan faya-fayai ya zuba a aljihu, ya shiga kasuwa, duk macen da ya gani da maiƙo a hannu, mai ƙosai, mai suyar kifi, mai kitso, sai ya tsaya ya ce, "Baiwar Allah, don girman Allah ɗan dafa mini nan." Ku duba fa, a garin da aka riga aka ji hannun matacciya na yafito mutane! Ranar kasuwar Takanamat ya je wurin wata Buzuwa mai man shanu, tsohuwa, ba ta ji labari ba, ta dafa masa. Yana juyawa wata ta raɗa mata. Tsohuwar nan ta bi shi da muciya har tasha, tana ihu a ba ta hannunta. Ya fito da faifan ya miƙa mata, ya ce, "Ga shi, uwata, amma ki sani hannunki na nan jikinki, da shi ma kike dukana."

Kuna dariya. Ni ma na yi lokacin, har da riƙe ciki. Sai aka zo kan Nomau.

Nomau direba, mijin Hajiya Tabawa, shi kaɗai ya rage yana zama hira wurin Arzika, don shi ba ya jin maganar mata. Wata ranar Laraba da hantsi, ni ina tsakar gidan ina tsince wake, ya zo karɓar ruwan batir. Arzika ya shafa wa wani faifai sabon haɗi, shi kuma mura ta kama shi, ya ce, "Nomau, ara mini numfashinka." Nomau ya yi dariya ya karɓa, ya buɗe baki ya yi "haaa". Suka duba. Babu komai. Ƙarfe wal, kamar ba a hura ba. Ya sake, da ƙarfi har da tari. Babu. Nomau ya ce, "Kai, ashe na mutu ban sani ba!" Suka tuntsire da dariya. Arzika ya taɓa faifan ya ce, "Rana ce ta gasa shi, ƙarfe mai zafi ba ya kama huci." Ya tsoma shi a randa ya goge, ya ce a sake. Nomau ya ce sauri yake, lodi na jiransa, in ya dawo.

Kwana takwas tsakani, Nomau na zaune bisa tabarma a gidansa yana jiran a kawo masa koko, ya kishingiɗa, shi ke nan. Ba ciwo ba komai.

Hajiya, ki yi haƙuri, na ga kin sunkuyar da kai. Na san Nomau da bakinsa ya ba ki labarin faifan yana dariya. Ajali ne, kowa ya san hawan jini gare shi. Amma ni kaina, ni da na ƙirƙiri maganar, ranar da na ji rasuwar nan sai na shiga ɗaki na rufe ƙofa na ce, Kulu, ko dai abin da kika faɗa da wasa gaskiya ne? Ana cewa ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi 'ya'ya, har ni uwarta na ji tsoronsu.

Daga nan kun san sauran. In ya biyo hanya, maza su ja rawani su rufe baki, mata su toshe hanci da gefen mayafi, kada ya ɗauki numfashinsu. Mai shayi ya ware masa kofi. Direbobi ba su fasa sayen ruwa ba, don babu kamar nasa, amma daga bakin ƙofa suke ajiye kwalba su ja da baya. Shi kuwa ko a jikinsa, a ganina. Ya ce mini, "Baiwa, mutanen Tawa sun yi ladabi bana, kowa ya gan ni sai ya rufe baki. Da haka suke tun da, da an huta da gulma." Na yi yaƙe. Sau nawa na buɗe baki in ce ni ce, sai in tuna idon Hajiya Tabawa, in haɗiye.

Mutum guda ya taɓa shiga da ƙafarsa, wani mushe mai koyar da kimiyya a babbar makaranta, baƙo ne daga Damagaram, bai san tsoron garin ba. Ya ji labari wurin ɗalibai, ya zo da la'asar. Ina nan, na kawo fura. Arzika ya ɗaga masa faifan. Mushen ya tsuguna ya daɗe yana kallo, sai ya miƙe yana murna kamar an yi masa haihuwa.

Ya ce, "Baba, ka san abin da ka gano? Wannan sananne ne! A manyan injinan wuta na ƙasashen waje, inda ake mayar da tururi ruwa, abin da suke nema ke nan, ƙarfen da zai ƙi ruwa ya riƙa yin ƙwaya-ƙwaya. Matsalarsu guda, duk abin da suka shafa, tururi na cinye shi. Turawa da Sinawa, manyan masana, suna can sun duƙufa ba dare ba rana."

Arzika ya dube shi da tausayi, ya ce, "Allah sarki. Su ma matansu sun rasu?"

Mushen ya gyara tabarau ya ce to wannan shafin yaushe aka yi shi, jiya ko shekaranjiya? Arzika ya ce damina biyu ke nan. Mushen ya yi dariya ya ce ba zai yiwu ba, maiƙon hannu ba ya kwana bakwai a tururi. Arzika ya ce, "Nawa ma ba ya yi. Na kowa ba ya yi." Suka tsaya su biyu suna kallon hannun yana ta zubo da ruwa. Na ga murnar ta bar fuskar mushen a hankali. Ya ce zai dawo da wani abokinsa su auna. Furar da na dama masa ko taɓa ta bai yi ba, kuma bai dawo ba.

Wannan kam ban da amsarsa, kada ku tambaye ni. Ban ƙara komai a kansa ba, na rantse.

A damina ta uku hannun ya fara tafiya. Babban yatsa ya fara ɓacewa, sai manuni. Arzika ya daina aiki da faifan, ya naɗe shi cikin zanen Zali, ba ya ɗora shi bisa tururi sai ranar Juma'a da hantsi, ya ɗaga ya duba ya mayar. Duk da haka tafiya yake. Wata Juma'a na same shi, saura tsakiyar tafin da ɗan lanƙwasasshen yatsan nan shi kaɗai. Ya ce, "Kin ga taurin kai? Taɓarya ba ta iya da shi ba, tururi ma sai ya sha wuya." Juma'a uku bayan nan ya ɗaga, faifai sumul, ba komai. Ya daɗe yana kallo. Ya kashe wutar, ya zubar da ruwan gangar, ya ce mini yau ba ya jin cin tuwo. Ba a yi wata biyu ba ya kwanta.

Ranar Lahadi da la'asar na shiga ɗakinsa. Ƙafafunsa sun kumbura, muryarsa ta yi ƙasa. Na zauna bakin gado, na ga dai wannan kwanciyar ba ta tashi ba ce. Na ce, "Arzika, akwai abin da zan gaya maka."

Ya ce, "In miya kika sake zubarwa, na yafe."

Na ce, "Maganar hannu mai yafito mutane, da ɗaukar numfashi, ni na fara ta. A Kalfu, bikin ɗiyar Amma. Wasa nake." Kuka ya ƙwace mini.

Ya bari na yi mai isata, sannan ya ce, "Yanzu wanga ne labarin? Ke baiwa, tun ba a kwance rumfar bikin ba na ji. Duk Adar wa ke da bakin da zai sa hannun da ke manne a ƙarfe ya yi motsi in ba ke ba? Har na ce, kai, baiwata ta iya zance."

Na ce, "Ka sani? Domi ba ka yi magana ba?"

Ya ce, "In ce mi? In ce ƙarya kike, a kama ki da bakin Nomau? Ke ga 'ya'ya mata ba su yi aure ba. Ni kuwa ai kin yi mini gata. Shekara uku ba wanda ya zo aron guduma."

Na yi dariya cikin hawaye, wallahi na yi. Na ce a raina alhamdulillahi, ashe abin bai dame shi ba. Har na fara gyara mayafi. Sai ya juya fuskarsa wajen bango, ya yi magana a hankali, sai da na matsa na ji.

Ya ce, "Masallaci ne kaɗai da wuya. Ku mata ba ku gani. In aka tada salla liman ya ce a daidaita sahu a haɗa kafaɗa, sai na dama ya matsa, na hagu ya matsa. Wurin mutum guda nan, wurin mutum guda nan. Na koma sahun baya, haka. Na koma ƙarshen bango, don ko gefe guda in ji na jingina da wani abu. Shekara uku, Kulu, sau biyar a yini."

Kulu ya ce. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa jin sunana a bakinsa ba sai ran nan.

Ya ce, "Na yafe miki duniya da lahira. Abu guda nake roƙo. Ki gaya musu, don in an ɗauko ni su matso. Ba na son a yi mini salla daga nesa."

Na ce gobe-goben nan zan bi gida-gida. Na rantse masa.

Litinin na yafa mayafi na fito, na zo har ƙofar gidanki, Hajiya Tabawa, na ji muryarki kina yi wa jikoki faɗa, ƙafata ta ƙi shiga. Na ce bari sai Talata in na samu ƙarfin zuciya. Talata na ce bari in fara gaya wa malam maigidana shi ya gaya wa liman, ya dawo daga gona a gajiye, na ce sai ya huta. Laraba da hantsi Arzika ya cika.

Ina cikin gidan nan, bayan zanan can, lokacin da aka fita da shi. Ban gani ba, amma ina da kunne. Kun san yadda ƙofar gida ke cika da takun ƙafa in an fito da gawa, har ƙasa na amsawa. Ni ban ji haka ba. Da malam ya dawo daga maƙabarta na tare shi na ce, mutum nawa? Ya ƙi dubana. Na ce don Allah ka gaya mini. Ya ce sahu biyu, na biyun bai cika ba, kuma da liman ya ce a matso kusa da makara, sai da ya faɗa sau uku.

To kun ji. Ya roƙe ni abu guda, kwana uku Allah ya ba ni, na cinye su da kunya. Ba na neman ku ce ba komai, don da komai. Hajiya, mijinki ajalinsa ne ya zo, Arzika bai ɗauki numfashin kowa ba, mai son ta zage ni ga ni zaune. Ku dai ku kai wa mazanku yadda na faɗa, kada ku rage kada ku ƙara, ƙarin nan shi ya kai mu nan. Kabarinsa na gefen gabas, kusa da na Zali. Wanda ya ga zai iya, ya je ya tsaya kusa.

Ku ɗaga hannu. Allah ka jiƙan Arzika, ka yafe masa, ka sanyaya makwancinsa. Allah ka tashe shi cikin jama'a mai yawa, kafaɗa da kafaɗa, dama da hagu, kada ka bar masa gurbi ko na tafin hannu. Ni kuma Allah ka shirya bakina. Ku ce amin da ƙarfi, don Allah, yadda za a ji daga waje.